Rabin Girar Mai Unguwa da Ƙungiyarmu ta Masu Jirage

Kuskuren da na yi ƙarami ne, kuma ko gobe aka tsayar da ni gaban alƙali zan ce iska ta fi ni laifi. Na saki jirgina ban duba inda take kaɗawa ba. Iyakar abin da na yi ke nan.

Jirgin bai fi tsawon takalmina ba. Da totuwar kara na yi gangar jikinsa, fukafukan na kwalin madara ne, farfelar kuma daga robar lemo na yanko ta. Na ɗana shi a danƙo, na hau katangar makarantarmu don kowa ya shaida, na ja har ƙarshe, na saki. A tunanina gonaki zai nufa. Sai ya yi sama, ya yi wani irin juyi kamar ya tuna ya yi mantuwa a cikin gari, ya miƙe ɗoɗar ya shige zauren mai unguwa.

A lokacin mai unguwa yana zaune a kan buzu, ya lumshe ido, wanzami yana yi masa gyaran fuska. Jirgina ya faɗa cikin ƙoƙon ruwan wanzami. Wanzami ya zabura da aska a hannu. An yi sa'a ko ɗigon jini bai fita ba. Rabin girar hagu ce kawai ta tafi. Waɗanda suke wurin sun ce wanzamin ya daɗe yana kallon gashin a bakin aska, kamar mai tunanin yadda zai mayar da shi.

Kafin la'asar mai shela ya zaga unguwa. Daga yau babu jirgi, babu danƙo, babu majaujawa. Kowane magidanci ya tattara na gidansa, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci a tara su a ƙofar gidan mai unguwa a cinna musu wuta. Iyaye maza sun ji daɗin wannan doka fiye da yadda suke jin daɗin ruwan shuka. Babana ya kira ni ɗaki ya yi mini bayani da bulala, bayani mai tsawo, har da misalai.

Ni ban yi asarar komai ba, don jirgina ya riga ya zama tarihi. Wanda abin ya faɗa wa shi ne abokina ɗan maƙwabtanmu, wanda muke kira Injiniya. Yaro ne marar magana, in ka gaishe shi da safe sai wajen azahar amsar take isowa. Tun bayan ƙaramar Sallah yake ƙera wani jirgi a bayan rumbun gidansu. Girmansa ya kai ɗan akuya, fukafukansa in ya buɗe sun fi hannuwana biyu. Ya ciro masa inji daga matacciyar fanka mai caji, ya samo batir daga wajen mai gyaran waya a Gwarzo bayan ya yi masa sharar shago har shagon ya fara ƙoshi da shara. Bai taɓa tayar da shi ba, yana jira ya gama wutsiya. Yanzu babansa ya ce wannan ne zai fara shiga wuta ranar Juma'a, tunda ya fi kowanne kama da itace.

Na same shi a bayan rumbun yana shafa fiffiken da tafin hannu. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Saura wutsiyar," ya ci gaba da shafawa.

Yayana da yake karatu a Kano yana gida hutu. Aikinsa a hutun nan guda ne, kwanciya ƙarƙashin darbejiya yana latsa waya. Na je na zauna kusa da shi ina ajiyar zuciya da ƙarfi har ya gaji ya tanka.

"Kai ne babban mai ƙera jiragen?" in ji shi. "Da kuna da hankali da kun yi abin da manya suke yi."

"Me suke yi, Yaya?"

Ya nuna mini hoto a waya, wasu mutane da kwat sun jeru a gaban wani jirgi mai hancin zunguru. Ya ce a manyan ƙasashe kamfanonin da suke ƙera jiragen sama da makamai da kayan tsaro, a kasuwa ba sa ga maciji da juna, amma suna da ƙungiya guda. In hukuma za ta kafa dokar da za ta durƙusar da su, ba kowa ne yake zuwa ya yi kukansa shi kaɗai ba. Ƙungiyar ce take zuwa da baki ɗaya. Ita take tsara musu ƙa'idar aiki, ta shirya baje kolin kayansu, ta nuna wa hukuma amfaninsu.

"Ku kuwa," ya ce, "ko ƙungiyar masu yanke gira ba ku da ita."

Ya yi dariya ya juya mini baya. Shi ba'a ya yi. Ni kuwa na tashi daga wurin da muƙami a kaina.

Washegari na tara masana'antun unguwarmu a gindin tsamiyar bayan gari. Ɓangaren jirage ni ne da Injiniya da wasu ƙananan yara masu jirgin takarda. Ɓangaren makamai masu danƙo da majaujawa ne, jagoransu wani ɗan rugar da ke hanyar Lakwaya da muke kira Sarkin Danƙo, wanda zai iya harbo ƙuda daga ƙahon saniya, saniyar ba ta sani ba. Ɓangaren tsaro kuwa ƙanwata ce da ƙawayenta, su ne masu yin mutum-mutumi da jera gwangwanaye a igiya don korar tsuntsaye daga gona. Su doka ba ta shafe su ba. Ƙanwata ta ce ta zo ne ta ga yadda zan ƙara kunyata gidanmu.

Sarkin Danƙo bai bari na gama bayani ba.

"Mu me ya haɗa mu da gira? Danƙo ne ya shiga zauren?"

"Ai da danƙo na harba jirgin."

"To ka ji. Kai ka ɓata mana sana'a. Ni shawarata a ɗaure shi a kai wa mai unguwa, a ce ga shi, a bar mana kayanmu."

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannun ƙanwata ne ya fara tashi, kuma biyu ta ɗaga. Abin da ya cece ni gyaɗa ce. Na cika aljihuna da ita daga buhun Innarmu, na fara rabawa, hannuwa suka sauko ɗaya bayan ɗaya don karɓa. Kafin gyaɗar ta ƙare an zaɓe ni shugaba. Muka raɗa wa abin suna Ƙungiyar Masu Ƙera Jirage da Makamai da Kayan Tsaro ta Gwarzo da Kabo da Kewaye. Kewayen ni na ƙara, don kada Katsinawa su ga an ware su.

Muka yi ƙa'idoji. Ba a harbi da dutse, sai da busasshen curin laka. Ba a gwajin komai a cikin gari, sai a faƙon bayan tsamiya. Kuma duk jirgin da zai tashi sai ɓangaren tsaro ya duba shi. Wannan ta ƙarshe ƙanwata ce ta kawo, na yarda don a tashi taro.

Saura kai kuka. A matsayina na shugaba na sa rigar Sallah, na tafi ni kaɗai, jawabi cike da bakina. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na yi sallama, na durƙusa a bakin zaure. Mai unguwa ya jawo hularsa ƙasa ta ɓangaren hagu, har ta karkace kamar ɗakin da damina ta ci gindinsa.

"Ranka ya daɗe, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"An tashi lafiya? Ya iyali? Ya jama'a? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Gaisuwa ta ƙare, lokacin jawabi ya yi. Na ɗaga kai. A daidai nan hular ta ɗan zame baya, na yi ido huɗu da girar. Rabin da ya rage ya tsaya shi kaɗai kamar maraya, ya mai da fuskar kamar ta mai tambaya da ido ɗaya. Dariya ta taso mini daga ciki. Na sunkuyar da kai da sauri, sai na koma gaisuwa.

"Ya gajiya, ranka ya daɗe? Ya shanu? Ya tumaki? Ya... ya jakin nan?"

"Jaki yana lafiya."

"Madalla. Ya kaji?"

"Yaro," in ji shi, "ka gaida ni, ka gaida dabbobina kaf, saura ƙadangarun katanga. Me ke tafe da kai?"

Da ya yi tambayar sai ya ɗaga gira. Guda da rabi suka tashi. Na toshe baki da hannu biyu, dariyar ta fito ta hanci da wani irin ƙara kamar na ɗan tunkiya. Ban san lokacin da na tsinci kaina a waje ba. Takalmina ma wani yaro ne ya biyo ni da su. Kafin yamma mai shela ya sake zagawa, an ƙara filfilo da jirgin takarda cikin abubuwan da za a ƙona.

A taron gaggawa Sarkin Danƙo ya zo da igiya. Injiniya ya zauna yana karya kara ƙanana-ƙanana. Ƙanwata ce ta tsayar da maganar ɗaure ni.

"Ku kun taɓa ganin ƙungiyar da ba ta da uba ko uwa?" ta ce. "Ko ƙungiyar ƙwallon unguwar nan tana da uban ƙungiya. Yaro ne zai je ya tsaya gaban mai unguwa ya ce ya janye doka? Sai wanda zai iya zaginsa ya kwana lafiya."

"Akwai mai iya haka a duniya?"

"Kaka."

Na manta sam. Kakarmu ta wajen uba taubashiyar mai unguwa ce. Babanta da babarsa ciki ɗaya suka fito. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, don haka tun suna yara take kiransa bawanta, kuma rawani ko sarauta ba sa goge wannan. Tsakanin taubasai babu fushi. Abin da in wani ya faɗa za a kai shi gaban dagaci, in ita ta faɗa dariya za a yi.

Muka same ta a tsakar gida tana tsince wake.

"Mijina marar amfani," ta ce da ta gan ni. "An ce ka zama wanzami."

"Kaka, muƙami muka kawo miki. Uwar ƙungiya."

"Ana cin sa da miya?"

Na yi mata bayanin manyan ƙasashe da masu kwat. Ta saurara tana tsintar wakenta, kamar ina karanta mata labarin aljanu. Da na zo kan jirgin Injiniya sai ta ɗaga kai ta dube shi. Yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"Kai ne mai jirgin bayan rumbu? Na gan shi. Na zaci akurki ne." Ta karkaɗe zaninta. "To ku ji. Gerona na hanyar Masanawa ya fara ido. Tun da bawan nan ya hana danƙo tsuntsaye suke biki a ciki, har gayyato 'yan uwansu suke daga Kabo. In na je na yi magana, ku za ku tsare mini gonar har a yi girbi. Safe da yamma. Duk ƙungiyar."

Na ce za mu yi shawara. Ƙanwata ta ce an gama shawara, mun yarda.

Ranar Alhamis Kaka ta yafa mayafinta ta shige gaba, mu muna biye a jere kamar 'yan agwagwa. Mu muka tuɓe takalma muka durƙusa. Ita ta shiga da nata, ta zauna a kan buzun baƙi ba a ce ta zauna ba.

"Bawana, ina sauran girar? Ko ka bayar da zakka?"

Dattawan da ke zauren suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Mai unguwa ya gyara hula.

"Tsohuwa, ba ki mutu ba har yanzu? Jikanki ne ya yi mini wannan aiki."

"Gyara ya yi maka. Da can ma ta yi yawa, kamar an ɗora maka tsintsiya. Ni ba wannan ya kawo ni ba. Ka hana yara danƙo, tsuntsaye sun naɗa ka sarkinsu. Jiya na ji suna yi maka addu'a a gonata. In gerona ya ƙare, gidanka zan tare, kuma ka san cikina."

"Allah ya kiyaye," in ji mai unguwa, da gaskiyarsa.

"Yaran nan sun yi ƙungiya. Ga shugabansu, mai dariya ta hanci. Kai, faɗa masa dokokinku, kuma ka kalli ƙasa."

Na kalli ƙasa. Ban taɓa sanin daɓen zauren nan da kyau irin na ranar ba. Na faɗi maganar curin laka, da faƙo, da binciken ɓangaren tsaro. Mai unguwa ya shafa inda gira take a da.

"Danƙo da majaujawa na ji, saboda gona," ya ce. "Amma jirgi fa? Ƙaramin ma ga abin da ya yi. An ce akwai wani kamar ɗan akuya. Wannan in ya shigo ai da kan zai tafi."

"To ka gani da idonka mana," in ji Kaka. "Ko tsoro kake?"

Taubashi ba ya yarda yana tsoro a gaban taubashiya. Aka tsayar da magana: gobe bayan masallaci, maimakon wuta, a je faƙo a tayar da jirgin. In ya nuna alamar zai iya tsallake katanga ya shiga gidan mutane, a nan take za a ƙone shi. In ba haka ba, an bar wa mai shi.

Mun fito ina murna za mu yi baje koli irin na masu kwat. Sai a hanya na gane inda muka sa kanmu. In jirgin ya tashi da kyau, wuta. In ana so ya tsira, sai ya kunyata mai shi a gaban gari. Na faɗa wa Injiniya haka. Ya yi tafiya mai nisa kafin ya amsa.

"Zai tashi," ya ce. Ya koma ya ƙarasa wutsiya.

Ranar Juma'a faƙon ya cika har da masu sayar da rake. Mai unguwa ya zauna a kujera can nesa, ya naɗa rawani har saman ido. Wanzami ya ɓuya a bayan tsamiya. Babana da baban Injiniya suna tsaye, baban Injiniya riƙe da ashana. Ɓangaren makamai suka fara, Sarkin Danƙo ya jera gwangwanaye ya kakkaɓe su da curin laka, mutane suka yaba. Sannan ƙanwata ta ce ƙa'ida ce sai ɓangaren tsaro ya duba jirgi. Ita da ƙawayenta suka kewaye shi, suka rufe da mayafansu, suka yi 'yan ƙus-ƙus, suka ce ya ci jarrabawa.

Na jiƙa yatsa da yawu na ɗaga sama don duba iska, yadda kowa zai ga na yi hankali. Injiniya ya haɗa wayoyi biyu. Farfela ta ɗauka da ƙara kamar injin markaɗe. Jirgin ya fara gudu a kan faƙo, ƙura na bin sa, yara na bin ƙurar. Ya ɗaga hanci. Ƙafafunsa suka bar ƙasa. Na rantse a wannan lokacin har rawanin mai unguwa sai da ya ja baya. Ya yi sama kamar tsayin turmi, ya tsaya a nan kamar mai shawara, sannan ya kifa da hanci, wutsiya a sama, farfelar tana haƙar ƙasa.

Kaka ce ta fara magana.

"Bawana, ka ga dodon da ya hana ka barci. Kazata ta fi shi tashi."

Mai unguwa ya yi dariya har rawanin ya warware, girar ta fito fili, bai damu ba. Ya ce abin da ba zai tsallake turmi ba ba zai tsallake katanga ba, a bar wa yaro kayansa. Ya janye dokar gaba ɗaya, bisa sharaɗin ƙa'idojinmu, ya ƙara da cewa ni kada a sake ganina a kan katangar kowa. Baban Injiniya ya mayar da ashana aljihu, da alamar bai so ba.

Injiniya ya ɗauki jirginsa ya rungume. Ba a ƙone shi ba, amma gari duka ya yi masa dariya, kuma na kasa gane ko murna ce a fuskarsa ko baƙin ciki. Muna komawa bayan rumbu ƙanwata ta zura hannu cikin jirgin ta zaro dutse kamar ƙwan agwagwa.

"Ni na sa," ta ce. "Aikin ɓangaren tsaro ke nan. Da na bar shi ya tashi da yanzu toka ne."

Ban taɓa ganin Injiniya ya yi murmushi irin na ranar ba. Ashe ba jirginsa ne ya gaza ba. Ya kwana biyu yana gyaran hancin, yana tafiya a unguwa kamar wanda aka yi wa albishir a ɓoye.

Mu kuwa muka tare a gonar Kaka. Safe da yamma muna ihu, muna jan igiyar gwangwani, muna jifa da laka, ita tana zaune a inuwa tana cewa ba ma yi da ƙarfi. A taron da aka yi a bakin gonar aka sauke ni daga shugabanci, aka ɗora ƙanwata, ba ta ko raba gyaɗa ba. Girar mai unguwa ta tsiro kafin a yi girbi.

Da aka kai gero gida, muka ɗauki jirgin muka koma faƙo mu uku, babu 'yan kallo, babu dutse a cikinsa. Na duba iska. Injiniya ya haɗa wayoyi. Jirgin ya yi gudu, ya tashi kamar tsayin turmi, ya kifa da hanci.